Zoɓo da riɗi zuwa waje: in biya ejan ne ko in ci bashi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina harkar riɗi da zoɓo a Dawanau, kullum sai dai in sayar wa masu kwantena su kai waje su kwashe ribar. Wani ejan ya ce in ba shi kuɗi ya ciro min lasisin fitar da kaya, abokina kuma ya ce in ci bashi in cika kwantena guda kawai. Wanne zan yi don Allah?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Gaskiya duka biyun ka dakata tukuna. Abin da ejan ɗin yake kira lasisi rajista ce ta hukumar NEPC, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 don bunƙasa fitar da kayan da ba fetur ba, kuma ta intanet ake yi, in kana da takardun kamfani na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko na ƙungiyar gama kai wallahi da kanka za ka cike, ko yaron gidanka da ya iya kwamfuta ya taya ka. Daga nan sai bankinka ya buɗe maka fom ɗin NXP, nan za a rubuta kayan da kuɗinsu, kuma dokar Babban Banki ta ce kuɗin su dawo gida cikin kwana 180, to ka ga in mai sayen ya yi maka wasa kai za a riƙe.

Shi ya sa maganar bashin nan take tayar min da hankali. Takardar gwamnati hanya take buɗe maka, ba ta kawo maka mai saye, kuma ba ta gyara kayan da ya lalace tun a sito. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari irin fiya-fiyar nan da ake zuba wa buhuna, Meziko ma da take sayen zoɓonmu sosai ta taɓa rufe ƙofa na wasu shekaru saboda ƙwaron da aka gani a kaya. Ka ɗebi riɗinka a tafin hannu ka duba, in akwai tsakuwa da yashi da ɗan danshi to a can ma abin da za su gani ke nan, su ba ruwansu da "yi haƙuri Alhaji". Don haka kuɗin da za ka ba ejan gara ka kashe su a shara da bushewa da gwajin lab, da satifiket ɗin lafiyar tsiro na hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona da ake shiga da fita da su. Kwantenar farko ku haɗu ku uku ko huɗu, a rubuta yarjejeniya da shaidu, mai saye ya biya wani kaso tun kafin a loda, a loda ɗin ma ka tambayi farashi a tashar tsandauri ta Dala da ke Kano ka kwatanta da na kai kaya Legas da tirela.

Tambaya: Malam ina sayen ƙwarar kaɗanya, na tara jari, in ƙara saye in ajiye ne ko in sayi injin matsar man kaɗe? An ce akwai tallafin gwamnati.

Amsa: Hajiya Allah ya ƙara buɗi, ni dai inji zan ce. A watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya don a riƙa sarrafa ta a gida, farashi ya faɗi, waɗanda suka cika sito suka ji a jikinsu, alama ce ta inda gwamnati ta karkata. Tallafin kuma akwai shi, bankin NEXIM yana ba masu fitar da kaya rance, akwai kuma tsarin EEG na tallafa wa masu fitar da kaya, amma shi sai bayan kin fitar an ga kuɗin sun dawo ta banki, kuma biyansa yana jan lokaci sosai, kada ki sa shi a lissafin jarinki. Ki fara da ƙaramin inji, ki nemi lambar NAFDAC, ki leƙa ofishin NEPC mafi kusa da ke ki tambayi ranar da za su yi horo na gaba.