Tambaya da Amsa: Jiragen Yaƙin da 'Yan Siyasa Suka Yanka wa Awo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Tudun Wada, Zariya. Littafinmu ya ambaci yarjejeniyar 5:5:3 ta 1922 ba tare da bayani ba. Me lambobin ke nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabon nauyin jiragen ruwan yaƙi ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurka da Birtaniya da Japan sun kama gasar ƙera manyan jirage alhali aljihu ya rame. Shugaba Harding ya kira taro a Washinton a Nuwamban 1921, sakataren harkokin wajensa, Charles Evans Hughes, ya buɗe shi da jerin jiragen da za a farfasa, har da na ƙasarsa. Ranar 6 ga Fabrairun 1922 aka sa hannu: jimillar nauyin manyan jiragen Amurka da Birtaniya tan 525,000 kowacce, Japan 315,000 (wato 5:5:3 ɗin ke nan), Faransa da Italiya 175,000 kowacce. Babban jirgi kada ya wuce tan 35,000, bakin igwarsa kada ya wuce inci 16. Matsakaici kuwa tan 10,000 da inci 8.

Wahalar a kan injiniyoyi ta faɗa. Kamar ka ba tela yadi biyar ne ka ce babbar riga da jamfa da wando kake so. Nauyin jirgi igwa da sulke da inji ke raba shi, duk wanda ka ƙara wa sai ka ƙwace na ɗan'uwansa. Shi ya sa Birtaniya ta jera dukkan manyan igwoyi tara na jiragenta Nelson da Rodney a gaba, don wurin da za a lulluɓe da sulke ya gajarta, ta kuma haƙura da gudu.

'Yan siyasar ma ba su sha da daɗi ba. Firaministan Japan, Hamaguchi, ya amince da yarjejeniyar Landan ta 1930, wadda ta ƙara ƙayyade jiragen yaƙi, duk da adawar manyan hafsoshin ruwa. A Nuwamban shekarar aka harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, ya rasu a 1931.

Tambaya: Walda nake yi a Sabon Gari. Na ji an ce a wancan zamanin walda ta shiga aikin jirgin ruwa, kuma ta ba su kunya. Ina matsalar take?

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Da can ƙusar ƙarfe ake gasawa a wuta, a ɗora gefen faranti a kan na wani, a zura ta a daddale kanta. Wannan ɗori da kawunan ƙusoshin duk nauyi ne, walda kuwa baki da baki take haɗawa. Yarjejeniyar Basai (Versailles) ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ƙayyade wa kowane jirgin Jamus tan 10,000, sai Jamus ta ƙera jirgin Deutschland da walda da injin dizal, abin da ta rage ta zuba shi a igwoyi shida masu inci 11. An saka shi a ruwa a 1931.

Matsalar ka san ta a shagonka: zafi na lanƙwasa faranti, ɗinkin da bai ratsa ciki ba kuma fuska kawai gare shi. Ga ta uku, wadda ta fi muni a teku. Tsaga a jirgin ƙusa takan tsaya a bakin faranti, a jirgin walda kuwa sai ta zarce abinta. Da Japan ta gwada harba igwoyin jirginta Mogami, ɗinkin jikinsa ya buɗe, aka mayar da shi gyara.

Amma kada a ɗora wa mai walda laifin da ba nasa ba. Yarjejeniyar Landan ba ta ƙayyade jiragen da ba su wuce tan 600 ba, sai Japan ta jibga wa ƙananan jirage makaman manya. Duk wanda ya ga tirela mai lodi a sama tana shan kwana a Kwangila ya san ƙarshen zancen. A Maris na 1934 ƙaramin jirginta Tomozuru ya kife cikin hadari, kusan mutum ɗari suka mutu. A Satumban 1935 guguwa ta gutsure goshin wasu jirage biyu. Gyaran da aka yi shi ne sauke nauyi daga sama, zuba nauyi a gindi, ƙara kaurin faranti, da komawa ga ƙusa a wuraren da suka fi ɗaukar ƙarfi.

Tambaya: Ɗaliba ce ni daga Samaru. Wa ke duba ko wata ƙasa ta yi maguɗi?

Amsa: Babu kowa, Malama. A wancan zamanin kowace ƙasa ita ke faɗin nauyin jirginta, a rubuta. Bayan Hitila ya samu amincewar Birtaniya a 1935 cewa rundunar ruwan Jamus ta kai kashi 35 cikin ɗari na ta Birtaniya, an ce jirginsa Bismarck tan 35,000 ne, alhali ya haura 41,000. Japan ita ma ta gaji da ɓoye-ɓoyen awo, ta ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar Washinton a Disamban 1934. A 1937 ta fara ƙera jirgin Yamato a garin Kure da igwoyi masu inci 18, ƙaninsa Musashi kuma a 1938 a Nagasaki, inda aka rataye labulen igiyoyi kewaye da wurin aikin don kada masu wucewa su ƙiyasta girmansa.