Tsarin ƙungiyar adana tarihi

Malam, kan tambayarka ta yadda za ku tsara ƙungiyar tarihin Hausawan Legas: ku duba Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a Ibadan a 1955, Kenneth Dike ne shugabanta na farko. A irin waɗannan ƙungiyoyi, babban taron mambobi ke zaɓen shugaba, sakatare da ma'aji, su kuma su kawo bayanin kuɗi duk shekara. Ku rubuta tsarin mulki, ku naɗa amintattu, ku yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi.

Ni dai kwamitin adana kaya ya fi damuna. Wasiƙun ajami da tsofaffin hotuna, damshin Legas cinye su yake yi cikin akwati. A ɗauki muryoyin dattawan Agege da Idi-Araba tun suna raye, a shigar da komai a littafin ƙungiya, kada ya zauna gidan mutum ɗaya.