Ku Tambaya Mu Amsa: Digirin Kasuwanci Zai Fitar Da Ni Waje Kuwa?

Salamu alaikum Yaya, ya aiki ya iyali. Ni dai wallahi kaina ne ya kulle shi yasa nace bari in rubuto maka. Na karanta harkar gudanar da kasuwanci a jami'a nan Bauchi, na gama bautar ƙasa tun 2022, har yau ba aiki, POS nake yi a bakin kasuwar Wunti da kuɗin wani yayana. Akwai abokina da muka yi makaranta tare yana Ingila, kullum sai yace min in taho in yi mastas a fannin kasuwanci shekara ɗaya ce kawai daga nan sai aiki, kuma wani ejen yace zai min komai har biza. Tambayata ita ce wannan digirin nawa yana da daraja a can kuwa? In na yi mastas ɗin za a ɗauke ni aiki in zauna? Shekarata 28. Daga ƙaninka a Gwallameji, Bauchi.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya buɗa maka. Bari in faɗa maka gaskiya tun farko dan kar in ja ka da nisa: digirinka ba na banza bane, jami'o'in can za su karɓe shi su baka gurbin mastas, wasu ma har rige-rige suke yi a kan ɗaliban Najeriya saboda kuɗin makarantar baƙo ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Amma samun gurbin karatu daban, samun izinin zama kayi aiki daban, kuma a tsakanin biyun nan ne yaranmu da yawa suke maƙalewa.

Kaga su ƙasashen nan ba takarda suke nema ba, wani giɓi ne suke son cikewa. Asibiti ba nas, to a nemo nas ko daga ina. Shi kuwa mai digirin kasuwanci suna da nasu birjik, duk shekara jami'o'insu na yaye su, ga ƴan Indiya ga ƴan Sin ga ƴan Pakistan duk da irin takardar da kake shirin zuwa karɓowa. To shi mai kamfani da zai ɗauke ka sai yana da lasisin ɗaukar baƙo, sai ya biya gwamnati kuɗi a kanka, dole ya tambayi kansa me wannan ya iya wanda yaron unguwarmu bai iya ba. In amsar ita ce ka karanta gudanarwa gaba ɗaya, ɗan tallace-tallace, ɗan lissafin kuɗi, ɗan kula da ma'aikata, kowanne ka ɗan taɓa, toh gaskiya da wuya ya ɗauka.

Shi abokin naka ban ce ƙarya yake ba, amma ka tambaye shi yaushe ya tafi, dan dokar ta canza sosai. A 2021 Ingila ta buɗe bizar da ke ba wanda ya gama karatu damar zama shekara 2 yana neman aiki, shi ne lokacin da mutanenmu suka yi ta tururuwa. Daga Janairun 2024 aka hana masu mastas na aji, wato wanda ba na bincike ba, zuwa da mata da yara. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashin da za a baka kafin a yarda kamfani ya ɗauki nauyinka ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, a Yulin 2025 kuma ya koma fam 41,700. Akwai ɗan sassauci ga sabbin kammala karatu, amma ko shi ɗin ya haura fam 30,000, kuma aikin dole ya zama na matakin digiri. Shekara biyun ma an sanar za a rage ta zuwa wata 18 daga 2027. Lokacin karatu kuma awa 20 kawai aka yarda kayi aiki a sati, so maganar zan je in dinga aiki ina biyan kuɗin makaranta kam ka cire ta a lissafi.

Ina da ɗan ƴar'uwata a can, mastas ɗin kasuwanci yayi, yaro mai ƙoƙari. Kwanaki ya kira ni ta bidiyo wajen ƙarfe 3 na dare lokacin hutun aiki, yana sanye da rigar nan mai ruwan ɗorawa ta masu aikin sito, hannunsa cikin safa saboda sanyi, bayan shi kwalaye ne jere har sama. Ya buɗe min wani ɗan littafi da yake rubuta duk kamfanin da ya tura wa takardar neman aiki, shafi bayan shafi, gaban kowanne ya ja layi, a bangon littafin kuma ya rubuta watannin da suka rage masa a biza yana soke su ɗaya bayan ɗaya. Yace Kawu wasu har intabiyu muna yi lafiya lau, da an zo kan tambayar kana buƙatar a ɗauki nauyinka shikenan sai kaji shiru. Aikin sito halal ne ba abin kunya bane, yana ma turo wa uwarsa ɗan abin da ya samu, amma ba zai bashi takardar zama ba, kuma shi ma ya san haka. Ranar ban iya komawa barci ba.

Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu da karatun kasuwanci, kusan dukansu abu ɗaya suka kama suka ƙware a kai. Akanta mai ACCA misali, wato takardar ƙwarewar akanta ta wata ƙungiyar Ingila, jarrabawa 13 ce, kana nan Bauchi za ka iya fara ta, wanda ya karanta akanta ma ana yafe masa wasu daga ciki, kuma takarda ce da Ingila da ƙasashen Larabawa suka sani. Ko binciken kuɗi, ko haraji, ko harkar sayo kaya da jigilarsu, ko nazarin bayanai da kwamfuta. Sannan a haɗa da shekara 2 ko 3 na aiki na gaske wanda akwai wasiƙar ɗauka da takardar albashi. Ko Amurka ma haka abin yake, mai digirin kasuwanci zalla wata 12 ake bashi yayi aiki bayan karatu, wanda nashi ya shiga sahun kimiyya da lissafi ana ƙara masa wata 24.

Tunda ka faɗi shekarunka bari in taɓo Kanada, dan su da maki suke aiki a tsarin Express Entry na ba ƙwararru izinin zama, kuma makin shekaru ya fi yawa daga 20 zuwa 29, kana shiga 30 zai fara zubewa kaɗan kaɗan. Suna son shekara 1 cur ta aikin ƙwararru, da jarrabawar Turanci irin ta IELTS, da tantance digirinka ta wajen irin su WES masu tantance takardun karatu, kuma makarantarka ce za ta tura sakamakonka kai tsaye ba kai ba. Wannan kam ka fara bi tun yanzu ko ba ka shirya tafiya ba, ni na taɓa bin na wani ƙanina wata 5 ina safa da marwa tsakanin ofis da ofis, yau ace mai sa hannu baya nan gobe ace fayil bai sauko ba. Tun 2023 Kanada ta fara ware wasu fannoni tana kiransu daban, lafiya, sana'o'in hannu, da masu jin Faransanci, mai digirin gudanarwa zalla sai dai ya shiga babban layi inda makin ke da tsada. Shi yasa nake ce wa yara kar su raina Faransanci, ga Alliance Française nan a Jos, ba nisa daga nan.

In ni ne kai, zan ajiye maganar ejen ɗin nan tukuna. Zan nemi aiki ko na ƙaramin albashi ne a sashen kuɗi ko sito, kamfanin shinkafa ne, asibiti ne, ko ƙungiyoyin agajin nan da ke aiki a arewa maso gabas, dan su in ka daɗe ka iya aikin har wata ƙasa suna iya tura ka da kuɗinsu. POS ɗin ma ka riƙa rubuta shige da ficen kuɗinka a kwamfuta kamar na kamfani, hannunka zai faɗa.

Assalamu alaikum ɗana. Ni uwa ce, maigidana ya rasu shekara 4 kenan ya bar mana fili biyu da gidan da muke ciki. Babban ɗana ya matsa sai an sayar da filayen ya tafi Ingila karatun MBA, wato mastas na gudanar da kasuwanci, wai in ya fara aiki zai saya mana waɗanda suka fi su. Ƙannensa 5, uku mata. Bana son in tauye shi kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ƴata ce ta rubuta min. Daga Tumfure, Gombe.

Wa alaikumus salam Mama, Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta, ya raya abin da ya bari. Mama rashin kwanciyar zuciyar nan taki tana da dalili, kar ki danne ta. Filayen nan in ba a raba gado ba to ba nashi bane shi kaɗai, akwai haƙƙin marayu a ciki har da tumunin ki, ko da tafiyar tabbas ce sai an kira malami da dangin uba an raba kowa ya san nasa, in yaso shi ya sayar da rabonsa, wanda ya balaga cikin ƙannen ya ga dama ya ranta masa a rubuce da shaidu.

Kuma tafiyar ba tabbas bace. Ki sa shi ya zauna gabanki da biro da takarda ya rubuta kuɗin makaranta gaba ɗaya, ba kafin alƙalamin da ejen ke faɗa kaɗai ba, ya ƙara kuɗin zama wanda gwamnatinsu ke son gani a asusu sama da fam 1,000 duk wata har na wata 9, da kuɗin lafiya fam 776 a shekara, da kuɗin biza da gwajin tarin fuka da jirgi, sannan ya juya su zuwa naira a canjin yau. Kin dai ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, a lokacin akwai ɗaliban Najeriya a wata jami'a a arewacin Ingila da kuɗinsu ya narke a hannu suka kasa cika kuɗin makaranta har aka ce su bar ƙasar. Waɗannan ma iyayensu wani abun suka sayar. Shi MBA kuma asalinsa na wanda ya riga yayi shekaru yana aiki ne yake son hawa sama, wanda bai taɓa riƙe ko da ƙaramin ofis ba amfaninsa gare shi kaɗan ne.

In karatun yake so da gaske akwai tallafin Chevening na gwamnatin Ingila, suna biyan makaranta da jirgi da kuɗin zama, sharaɗin shi ne yayi aiki na kamar shekara 2 kafin ya nema, kuma ya dawo gida ya zauna shekara 2 bayan ya gama, sai dai a MBA akwai iyakar abin da suke biya na makaranta. Akwai na Commonwealth, akwai DAAD na Jamus. Da wahalar samu kam, amma nema kyauta ne. Ki faɗa masa da taushi Mama, kar a gaban ƙannensa, yaro ne da yake ganin nauyin gidan ya dawo kansa yana neman hanyar da zai ɗauke muku.

Yaya barka da aiki, ni HND nayi a akanta a poli, ina aiki a wani shagon magani a Azare. Wani yace zai samo min aikin akanta a Saudiyya in biya shi naira miliyan 2, in na isa sai a canza min biza. Ya kake gani? Daga ƙanwarka.

Ƙanwata kar ki bashi ko sisi. Kalmar nan ta in kin isa sai a canza ita ce tarkon, bizar Umara ko ta ziyara ba ta aiki bace, wanda ya zauna da ita bayan ta ƙare ya zama mai laifi, sai ɓuya sai kamu sai a dawo da mutum, mu nan mun san mata nawa suka tafi a haka suka ƙare aikatau a gidan da ba su da ikon fita. Aikin gaske kamfani ne zai baki kwantiragi tun kina gida, sunan aikin a rubuce, shi zai nema miki biza da igama. Sannan ki sani Saudiyya ta daɗe tana ware wa ƴan ƙasarta ayyukan ofis, akanta na ciki, an wajabta wa kamfanoni wani kaso na akantocinsu su zama ƴan ƙasa, baƙon akanta kuma sai yayi rajista da hukumarsu ta akantoci mai suna SOCPA. Miliyan biyun nan in kina da ita ki zuba a jarrabawar ICAN ta ƙungiyar akantocin Najeriya ko ACCA, ICAN na karɓar masu HND, kuma kina aikinki kina karatu.

Malam ni ɗan aji shida ne a sakandare a Kumo, zan cike JAMB, burina in yi aiki a waje. In sa kasuwanci ko in canza?

Yarona in kana son lissafi ka sa akanta ko tattalin arziƙi, ga jami'ar jihar Gombe ga ta tarayya a Kashere kusa da kai, ka haɗa da koyon kwamfuta tun daga shekarar farko, kar ka jira sai ka gama. In kuma zuciyarka na wajen kimiyya ne kake gudu saboda ance da wuya, ka sake rubuto min ka faɗa min darussan da ka yi rajistarsu a WAEC, dan da su za a san abin da za ka iya cikewa.