Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan obakulok da garanti

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka haɗa sabuwar kwamfuta kana so ka ƙara wa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) gudu fiye da yadda ya zo daga kamfani, wato obakulok, don wasa da gyaran bidiyo, amma kana tsoron kar garanti ya tashi. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Garwa, bari in faɗa maka abin da na sani da wanda idona ya gani.

A rubuce dai eh, yana iya tashi. Intel na sayar da furosesa masu harafin K a ƙarshe waɗanda aka bar su a buɗe musamman don obakulok, amma a takardar garantinsu ta shekara 3 sun ce in ka taɓa gudu ko ƙarfin wuta ya wuce ƙa'ida, ɓarnar da ta biyo baya taka ce. Da can suna da wani tsari da za ka biya ɗan kuɗi su canza maka sau ɗaya in ya ƙone, sun fara shi a 2012, suka daina a 2021. AMD ma haka, kana buɗe Ryzen Master, manhajarsu ta obakulok, gargaɗi ne zai fara tarbarka, har PBO, saitin da ke barin furosesa ya ƙara jan wuta da gudu da kansa, wanda mutane ke kunnawa ba tunani, yana cikin abin da suke ɗauka obakulok. Kai hatta XMP ko EXPO da muke kunna wa RAM don ƙara masa gudu a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, obakulok ne a lissafinsu, ko da yake wannan kowa na yi, ni ma ina kunna wa kwastomomi hankalina kwance.

To za su gane ka yi? Yawanci in ka mayar da BIOS yadda ya zo babu wata alama. Amma kar ka dogara da wannan, don a 2023 AMD da kanta ta tabbatar cewa furosesanta Threadripper 7000 na da wani ɗan fiyus a ciki da ke tsinkewa da zarar an kunna obakulok, sai dai ta ce tsinkewar kaɗai ba ta soke garanti, sai in obakulok ɗin ne ya yi ɓarnar. In kuwa ka cire murfin furosesa ko ka sauya BIOS ɗin katin hoto, wannan magana ta ƙare.

Amma wallahi abin da ya fi damuna daban ne. Wane garanti ne ma a hannunka? Mu nan kayanmu daga Duwala suke hawowa ko Dubai ko ta Najeriya, da yawa ba a kwali suke ba, wasu ma na hannu ne aka goge. Furosesan da ba ya cikin kwali, garantinsa na wuyan wanda ya sayar maka ne, wato mai shago, wata ɗaya ko uku da ya rubuta maka da biro a bayan rasit, wani ma da baki kawai. Wa zai ɗauki furosesa daga Marwa ya aika Turai ya zauna jira? Kuɗin aikawa kaɗai ya isa ya karya maka gwiwa.

Bara cikin Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, wani yaro ya kawo mini kwamfutarsa cikin buhu a bayan babur, idonsa ja. A YouTube ya ga wani Bature yana ɗaga wa furosesa ƙarfin wuta, ya kwafi lambobin yadda suke, bai lura ba mutumin a ɗaki mai sanyi yake da na'urar sanyaya ta ruwa. Da na buɗe, fankar ta toshe da ƙurar hunturu kamar an shimfiɗa bargo, man da ke kan furosesa ya bushe ya zama gari, gefen soket ɗin madabod, wato babban allon da furosesa ke zama a kai, ya yi baƙi yana warin ƙonewa. Mai shagon na ganin baƙin nan ya ce ba ruwansa, kuma gaskiyarsa ne. Yaron ya roƙe ni in ce wuta ce ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, na ce masa ba zan iya ba, mutumin da haƙƙinsa. Kuɗin da ya tara wata da watanni ne, har yau abin na min ciwo.

Ni da ni ne kai, zan bar ta yadda ta zo har garantin shagon ya ƙare, ko ba komai in tana da ciwo daga kamfani a lokacin zai bayyana. Furosesan yanzu ma da kansu suke ƙara gudu in sun samu sanyi, ɗan abin da za ka ƙara da hannu ba lallai ka ji shi a wasa ba. Kuɗin ka sa shi a fanka babba mai kyau da ondilar, wato UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, ka riƙa hure ƙura duk wata. Bayan nan in har kana so, ka ɗaga kaɗan kaɗan kana duba zafi da manhajar HWMonitor, in ya doshi digiri 90 ka koma baya. Ajiye rasit da kwalin, sannan ka turo min lambar furosesan da ta madabod ɗin in duba maka ko ma suna karɓar obakulok, don na Intel sai da madabod mai harafin Z.