Ina "k" ɗin Turku ta tafi? Sauyawar baƙaƙe a harshen Finlan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na biyo maigidana garin Turku a ƙasar Finlan, kuma na shiga ajin koyon harshensu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kalma ke sauya kama. Sunan garin *Turku*, amma idan zan ce ina zaune a cikinsa sai a ce *Turussa*, k ta ɓace. Titi *katu* ne, amma "a kan titi" *kadulla*. Malamarmu ta raba mana jadawali, ta ce sunan abin *KPT-vaihtelu*. Na yi ta haddacewa, amma da na buɗe baki sai komai ya watse. Akwai ƙa'ida ne, ko kowace kalma sai an haddace ta ita kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ƙa'ida akwai ta, kuma ta fi wannan jadawali sauƙi nesa ba kusa ba. Jadawalin yana nuna miki abin da baƙi ke komawa, amma bai faɗa miki yaushe ba, kuma a "yaushe" ɗin nan ne duk mai koyo ke tuntuɓe.

Fara da Hausar da ke bakinki. Kina cewa mota amma motoci, gida amma gidaje, ƙasa amma ƙasashe. T ta koma c, d ta koma j, s ta koma sh, saboda wasalin i ko e da ya biyo baya. Malaman nahawu na kiran wannan ganɗantawa, ke kuwa tun kina goye kike yinsa ba tare da jadawali ba. Haka abin yake ga mutanen Finlan. Su ma baƙaƙensu na sauyawa gwargwadon abin da ya biyo baya, sai dai nasu ya shafi k, p da t ne kawai, kuma abin da ke motsa shi siffar gaɓa ce. A littattafan nahawunsu sunansa *astevaihtelu*, wato sauyawar mataki. Matakan biyu ne: mai ƙarfi, *vahva aste*, da mai rauni, *heikko aste*.

Gaɓa iri biyu ce, kamar yadda aka koya mana a darasin Hausa. Buɗaɗɗiya ita ce ta ƙare da wasali, rufaffiya ta ƙare da baƙi. To ki dubi gaɓar ƙarshe ta saiwar kalma, wadda k, p ko t ke farkonta. Muddin a buɗe take, baƙin na nan da ƙarfinsa. Da an rufe ta, sai ya yi rauni. Yanka *katu* gida biyu: *ka-tu*. Gaɓar *tu* a buɗe take, t na nan. Ƙara mata *-lla*: *ka-dul-la*. L ta farko ta manne wa gaɓar ta rufe ta, t ta yi laushi ta zama d. Haka *Tur-ku* da *Tu-rus-sa*: s ta rufe gaɓar, k ta yi raunin da har ta faɗi gaba ɗaya. Mu ma rufe gaɓa na taɓa kalmarmu. Furta "gida" sannan "gidan", ki saurari a ta ƙarshe: doguwa ce a ta farko, da n ta rufe gaɓar sai ta gajarce. A Hausa wasali ne ke jin nauyin rufewar, a can kuwa baƙin farkon gaɓa ne.

Daga nan ɗafa-ƙeya goma sha biyar ɗin da ake liƙa wa sunaye a harshen, waɗanda ake tsorata masu koyo da su, sun rabu da kansu. Duk wadda baƙi ɗaya ce tal, kamar *-n* ta mallaka da *-t* ta jam'i, tana rufe gaɓa. Duk wadda ta fara da baƙi biyu ma haka: *-ssa*, *-sta*, *-lla*, *-lta*, *-lle*, *-ksi*. Shi ya sa kanti, *kauppa*, ke ba da *kaupan*, *kaupat*, *kaupassa*, *kaupasta*. Waɗanda suka fara da wasali, ko da baƙi ɗaya mai wasali a bayansa, ba sa rufe komai: *katua*, *katuna*.

Akwai wuri guda da ido zai ruɗe ki. "Zuwa Turku" *Turkuun* ne, "zuwa kanti" *kauppaan*, "zuwa Helsinki" *Helsinkiin*. Ga n ta rufe gaɓa, amma k da pp suna nan daram. Dalili na tarihi ne: a da akwai h a tsakanin wasulan nan biyu, kamar a ce *Tur-ku-hun*, gaɓar *ku* a buɗe. H ta faɗi, ƙarfin ya zauna. Har yau a karin harshen yankin Etelä-Pohjanmaa ana jin wannan h. Abin da za ki riƙe: gaban dogon wasali, mataki mai ƙarfi. Ina ba ɗalibai shawarar su ɗauki sunan garinsu su mai da shi ma'auni, naki kuwa ya dace sosai: *Turku, Turussa, Turusta, Turkuun*. Ki maimaita huɗun nan har su zama kamar waƙa, duk sunan da ya zo sai ki ɗora shi a kansu: *pankki, pankissa, pankista, pankkiin*.

Yanzu abin da baƙin ke komawa. Kashi mafi sauƙi shi ne na ɗauri: kk, pp, tt su koma k, p, t. Fure *kukka*, jam'insa *kukat*. Kati *kortti*, in mai kanti ya tambaye ki da me za ki biya ki ce *kortilla*. Kantin magani *apteekki*, a cikinsa *apteekissa*. A nan Bahaushiya ta fi yawancin 'yan ajinku gata, domin kunnen da ya bambance baba da babba, ko daba da dabba, ba zai wahala da *matto* da *mato* ba. Ta farko darduma ce, ta biyu tsutsa. Ki lura da yadda kowace ke sauka taki ɗaya: *matto* ta ba da *maton*, *mato* ta ba da *madon*. Wannan kashi na ɗauri yana da rai har yanzu, yana kama sababbin kalmomin aro da sunayen mutane: *netti* ta zama *netissä*, *Pekka* ya zama *Pekan*, *Matti* ya zama *Matin*.

Kashi na biyu shi ne inda baƙin ke rikiɗa. T ta zama d: uwa *äiti*, *äidin*, tebur *pöytä*, *pöydällä*. P ta zama v: burodi *leipä*, *leivän*. Sai rukunin da na fi so, domin naso ne irin wanda bakinmu ya saba da shi, baƙin baya ya narke cikin na gabansa: nt ta koma nn, lt ta koma ll, rt ta koma rr, mp ta koma mm. Kina gaida mutane da yamma da *hyvää iltaa*, amma "da yamma" *illalla* ne. Bakin ruwa *ranta*, *rannalla*. Gemu *parta*, *parran*. Nk kuma ta koma ng: *Helsinki*, *Helsingissä*, takalmi *kenkä*, jam'i *kengät*. Kada ki furta g a nan. Sautin shi ne na n ɗin ƙarshen "nan" da "can" idan kin tsaya a kansu, wanda ke fita ta hanci daga can baya, sai dai a ja shi. Su p da v kuwa sai kin ba su lokaci na musamman, tunda Hausa ba ta raba p da f, kuma ba ta da v. Haɗe leɓɓa gam ki sake su ba tare da huci ba, p ke nan. V tasu mai laushi ce, haƙoran sama na ɗan taɓa leɓen ƙasa.

K ita ce mai wuyar sha'ani. Galibi ɓacewa take yi: ƙafa *jalka*, *jalat*. Wani lokaci ta bar j a gurbinta, j ɗinsu kuwa y ɗinmu ce: yaro *poika*, *pojat*, lokaci *aika*, *ajan* (a biyun nan har i ma ta tafi). A 'yan kalmomi ƙalilan masu *uku* ko *yky* takan zama v, kamar *puku*, kwat, *puvun*. Waɗannan kam a haddace su ɗaya-ɗaya, ba su da yawa.

A aikatau ma gaɓar ce ke mulki. Ɗauki *lukea*, karantawa: *luen, luet, lukee, luemme, luette, lukevat*. Ni, kai, mu, ku duk masu rauni ne domin *-n*, *-t*, *-mme*, *-tte* sun rufe gaɓa. Shi da su masu ƙarfi. Kin ma riga kin iya wasu ba tare da kin sani ba. *En tiedä*, ban sani ba, daga *tietää* take. *En ymmärrä*, ban gane ba, daga *ymmärtää*. Za ki ce ai *tiedä* da wasali ta ƙare, me ya raunana ta? A korewa da umarni, irin *anna!* da *lue!*, akwai baƙin ƙarshe da ya faɗi tun da daɗewa ya bar raunin a baya. Inuwarsa na nan a furuci: *tule tänne*, zo nan, ana jin ta kamar *tulet tänne*, da ɗauri a kan t.

Wannan inuwar ce kuma ke bayyana kalmomin da ake cewa suna tafiya a juye, waɗanda siffarsu ta ƙamus ce mai rauni. Magani *lääke*, jam'i *lääkkeet*. Adireshi *osoite*, *osoitteen*. Ruwan sama *sade*, *sateen*. Haƙori *hammas*, *hampaat*. Masu koyo kan ɗauka wata sabuwar doka ce, alhali tsohuwar ce: *ham-mas* rufaffiya ce shi ya sa mm, *hampaat* kuwa ga dogon wasali shi ya sa mp. Sunaye masu ƙarewa da *-e*, *-as* ko *-is* su za ki sa wa ido, da aikatau irin *tavata*, haɗuwa, mai ba da *tapaan*, da *kuunnella*, saurare, mai ba da *kuuntelen*. Shawarata ki bar wannan rukuni sai na farkon ya zauna miki. Haɗa su a mako guda ne ke sa komai ya cakuɗe.

Inda ba a sauya komai ya kamata ki san shi da wuri, don kada ki wuce gona da iri. St, sk da tk ba sa motsi: *posti*, *postissa*, *lasku*, takardar biyan kuɗi, *laskun*, *matka*, tafiya, *matkalla*. Sababbin kalmomin aro ba sa rikiɗar kashi na biyu: mota *auto*, *autossa*. Sunayen mutane da yawa ma haka. *Satu* tatsuniya ce, mallakarta *sadun*, amma matar da ake kira Satu, nata *Satun* ne. Ɗafa-ƙeyar mallaka ta lamiri kuma ba ta raunana komai ko da ta rufe gaɓa: titinmu *katumme*.

Kada ki yi mamaki in kin ji d ɗin da kika sha wahalar koyo ba ta fita a bakin mutane. Mikael Agricola, wanda ya fitar da fassarar Sabon Alkawari a 1548 kuma ya zama bishop na garin nan da kike zaune, ya rubuta d ko dh ne don wani sauti mai kama da zal ta Larabci. Sautin ya gushe, masu karatu suka riƙa furta harafin yadda suka gan shi, d ta zauna a daidaitaccen harshe. A kare-karen harshen yammacin ƙasar r ce a gurbinta, *meidän* ta zama *meirän*. A gabas faɗuwa take yi. A hirar yau da kullum za ki yi ta jin *en tiiä* maimakon *en tiedä*. Ke dai ki riƙe d, ita ake rubutawa, ita kuma za ki buƙata a jarrabawar YKI, wato jarrabawar ƙwarewar harshe ta ƙasar, in lokacinta ya zo.

Game da haddar da kika ce tana watsewa, ki sauya abin da kike haddacewa. Kada ki sake rubuta suna shi kaɗai a littafinki. Rubuta shi da abokinsa mai *-n*: *katu, kadun*, *lääke, lääkkeen*. Aikatau kuma da siffar "ni": *antaa, annan*, *tavata, tapaan*. Biyun nan sun ba ki matakan duka, sauran siffofi daga gare su za su fito. Ki furta su da murya, domin baki ne zai riƙe su kafin kai. Ƙamus ɗin *Kielitoimiston sanakirja* yana intanet kyauta, yana kuma nuna yadda kowace kalma ke sarrafuwa. In kin tarar da kalma a rubutu kin neme ta kin rasa, mai da ita baya: d zuwa t, v zuwa p, nn zuwa nt, ll zuwa lt, ng zuwa nk, in duk ba su yi ba ki gwada cusa k kafin wasalin ƙarshe na saiwa. Ba kowace v ko ll ce ta fito daga sauyi ba, *kahvi* da *kello* haka suke a ko'ina, amma gwajin ba ya cin minti ɗaya.

Kuma ki yi magana ko da kuskure. In kin ce *Turkussa* kowa zai gane ki, mai yiwuwa ma ya maimaita miki *Turussa* a cikin amsarsa. Gobe in za ki aji, ki karanta allunan tashoshin bas da sunayen tituna: duk wanda ya ƙare da *-katu*, ki faɗa wa kanki *-kadulla* kafin bas ta wuce shi.