Filin Tambayoyin Masu Mota: An ce sai an sauke giyabos saboda yoyon baƙin mai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da Corolla ƙirar 2005, shekara uku kenan tana hannuna ba ta taɓa wahalar da ni ba, to kwanan nan duk safiya in na ja ta daga inda take kwana sai in ga baƙin mai a ƙasa kamar faɗin tafin hannu, har mai gidan da nake haya ya fara yi min ƙorafi a kan simintinsa, kuma in na maƙale a cunkoson Terminus sai in riƙa jin ƙauri. Na kai wa wani bakanike, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce oyil sil ne na baya, wato robar da ke tare mai tsakanin inji da giyabos, sai an sauke giyabos. Don Allah akwai abin da zan iya yi da kaina a gida? Daga mai bibiyarku a Rikkos, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka bari kowa ya kwance maka ko noti ɗaya tukuna. Ba wai na ce bakaniken naka ƙarya yake ba, zai iya yiwuwa sil ɗin ne, amma babu wanda zai kalli injin da ya yi dumu-dumu da mai da ƙura ya ce ga inda yake yoyo, wallahi ko shi wa ye. Baƙin mai gangarowa yake, kuma in mota na gudu iska na kora shi baya, shi ya sa kusan duk yoyon duniya a ƙarshe wajen haɗin inji da giyabos yake taruwa ya ɗiga, sai a ɗora wa sil ɗin baya laifin da ba nasa ba.

Yau da daddare ka samu kwali, irin na indomi ma ya isa, ka buɗe shi ka shimfiɗa a ƙarƙashin injin. Da safe ka duba kalar abin da ya ɗiga da kuma ta wane ɓangare ya sauka. Baƙi ko ruwan zuma mai santsi, baƙin mai ne. Ja-ja, na giya ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda, ruwan lagireto ne. In kuwa ruwa ne zalla to na AC ne, manta da shi. Sannan ka zaro gejin auna baƙin mai yayin da mota ke tsaye a daidaitaccen wuri inji ya huce, ka goge ka mayar ka sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama lita ɗaya ce da ɗoriya, injin naka kuma gaba ɗaya kusan lita 4 yake ci, ka ga da wannan za ka san ko yoyon na gaggawa ne ko mai jira ne.

Sai wanki. Inji a sanyaye, ka samu omo da ruwa da tsohon buroshi da tsumma, ka wanke man da ya daskare, amma ka rufe altaneto da koyil-koyil ɗin fulogi da leda, kar kuma ka kai wa yaran wankin mota su sakar masa ruwa mai ƙarfin nan, sau nawa mutum ya je wankin inji ya dawo gida a Keke. In ya bushe ka barbaɗa farar hoda, ta jarirai ɗin nan, a duk inda kake zargi, ka tada mota ta yi minti 15, ka haska da tocilan. Man zai ja layi baƙi a cikin hodar ƙarara. Ka bi layin ka yi sama da shi, inda ya faro nan ne ciwon yake, gani ya kori ji.

Ka fara tambayar kanka yaushe aka yi maka sabis na ƙarshe, don yoyon da ya fara kwatsam yawanci daga nan yake. Notin da ake juye mai a ƙasan samp, wanda makanikai ke cewa botom filet, yana da wata 'yar washa da ya kamata a canja duk sabis, mu kuwa sai a yi shekara biyar da guda ɗaya, in ta fara tsiyaya yaron shago ya ƙara ɗaure ta da dogon bututu har zaren ya cinye. Sifana mai lamba 14 ke kama shi. Sai filta: wani lokaci robar tsohuwar filta na maƙalewa a jikin inji a ɗora sabuwa a kai, roba biyu kenan, dole ta yi yoyo. Filta da hannu ake ɗaure ta, a shafa wa robar ɗan mai, in ta taɓa jiki a ƙara murɗawa kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi kenan. Kusa da ita akwai oyil suwic, mai kunna jar fitilar mai, shi ma in ya tsufa yana gumi ta wajen wayarsa.

Amma ƙaurin da ka ambata shi ya fi ɗaukar hankalina. A injin Corolla irin taka, 1ZZ, salansa ta bayan inji take fitowa, to in gasket ɗin murfin sama ya ƙeƙashe sai mai ya riƙa gangarowa yana ɗiga a kan ƙarfen mai zafi, ƙaurin kenan. Roba ce, shekara ashirin tana shan zafi, ga sanyin Jos na hunturu da ke ƙara sandarar da ita, in ka cire tsohuwar za ka ga tana karyewa kamar busasshen kara. Wannan aikin gida ne na awa ɗaya zuwa biyu: sifana mai lamba 10, ka cire koyil guda huɗu, ka kwance notinan murfin, ka kankare tsohon gam a goge tas, sabon gasket ya zauna a raminsa. Gam ɗigo biyu kawai ake sawa, a inda murfin cen ɗin tayimin ya haɗu da kan inji. Masu lafta shi kamar man gyaɗa a biredi ba gyara suke ba, ɓarɓashinsa na faɗawa ciki ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa. Wajen ɗaurewa ka fara daga tsakiya ka yi waje, a hankali, ƙananan noti ne kuma cikin alminiyon suke shiga, ƙarfin yatsu da ɗan ƙari ya isa. In za ka sayi gasket ɗin a kasuwar kayan mota ta Dilimi ka tafi da tsohon a hannu, kuma kar arha ta ruɗe ka, na banza wata uku ba ya kaiwa.

Wannan injin kuma an san shi da yoyo a tenshinan cen, wato abin da ke ɗame cen ɗin tayimin, can baya ta ɓangaren bel, 'yar zoben roba ce kawai ke lalacewa amma sai ta jiƙe rabin inji. Shi kam ka bar wa wanda ya saba, don akwai yadda ake ɗana shi kafin a mayar. Ka kuma zare bawul ɗin numfashi na PCV da ke jikin murfin sama ka girgiza, in ba ya ƙara kas-kas ya toshe, iska na taruwa a cikin inji tana tura mai waje ta duk wata kafa, ko ka sa sabon gasket zai dawo.

In ka yi duk wannan sama a bushe take ƙamas amma mai na fitowa daga tsakanin inji da giyabos, to bakaniken ka ya yi gaskiya, ka koma masa ko ka shiga wajen makanikan Farin Gada ka ji farashin mutum biyu uku. Kuma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba, ka sa dutse a tayar baya.

TAMBAYA: Malam ni tawa ba ta ɗiga ko kaɗan amma mai na raguwa, an ce in koma mai kauri 20W-50. Daga wata 'yar'uwa a Bukuru.

AMSA: Hajiya taki shan mai take ba yoyo ba. Ki sa wani ya taka totur ki tsaya a baya, in hayaƙin ya yi shuɗi-shuɗi to rin ɗin fistin ne ko sil ɗin bawul. Mai kauri ɓoye ciwon kawai yake, kuma da sanyin safiyar Bukuru yana jinkirin hawa saman inji. Ki tsaya kan wanda littafin motar ya rubuta, ki riƙa duba geji duk sati da lita ɗaya a but, in jar fitilar mai ta kama kina tafiya ki faka ki kashe nan take, ko da gida saura layi ɗaya.