Me ya sa gangar areka take tsagewa ta gefe ɗaya?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ƙananan bishiyoyin areka na bakin gona suke yin rawaya ta gefe ɗaya, daga baya gangar ta tsage. Koma ka duba wane gefe ne. Kudu maso yamma ne, kuma ba cuta ba ce, ranar la'asar ce ta ƙona su.

Areka, mai ba da ƙwallon da mutanen Indiya ke kira supari suna taunawa kamar yadda muke cin goro, siririya ce doguwa, ba ta da reshe. Gangarta kore ce shar tun tana ƙarama, ba ta da ɓawo mai kauri irin na giginya. Inda rana ta ƙona sai ya yi rawaya, ya koma baƙi-baƙi, ya tsage. Ta wannan tsagar ruɓa ke shiga, ranar da iska mai ƙarfi ta taso a nan za ta karye.

Tun wajen dashe ake maganin abin. Manoman jihar Karnataka, wadda ta fi kowace jiha a Indiya noma ta, suna barin mita 2.7 tsakanin bishiya da bishiya ta ko'ina, kusan gindi 1,370 ke nan a hekta. Layukan kuwa daga arewa zuwa kudu ake ja, a karkata su digiri 35 wajen yamma, don kowace bishiya ta yi wa 'yar'uwarta inuwa. Na layin ƙarshe ba su da mai kare su, shi ya sa ka ga su ne suka ƙone. Dasa dogayen itatuwa masu saurin girma ta wannan gefen, ka cika tsakanin layuka da ayaba. Kafin su taso, ɗaure busasshen ganyen areka ko na kwakwa a jikin gangar.

Kada kuma ka dasa wanda bai kai ba. Sai mai wata 12 zuwa 18, ganye biyar ko fiye. Ramin ya kai zurfin santimita 90 in ƙasar tana shanye ruwa, in laka ce 60 ya isa. Areka tana son ruwa amma ba ta jure kwanciyarsa, don haka ka haƙa magudana.

Abin da zai fi ƙunar rana cin ka shi ne ruɓar 'ya'ya da damina, wadda manoman Karnataka ke kira koleroga: ɗanyun 'ya'ya su jiƙe, su yi ta zuba ƙasa. Kafin ruwa ya kankama ka fesa haɗin Bordo a kan nonnan. Haɗin shi ne kilo 1 na kofa salfet (wani shuɗin sinadari mai jan ƙarfe a ciki), kilo 1 na farar ƙasa irin ta shafe bango (laim), ruwa lita 100. Narka kowanne daban a robar da ba ƙarfe ba, sannan ka haɗa. Tsoma wuƙa mai sheƙi a ciki; in ta fito da ja-ja, ƙara farar ƙasa. Bayan kwana 40 zuwa 45 ka sake fesawa, 'ya'yan da suka zuba kuma ka tsince su ka ƙone.